Allah Mai Iko Dukka da wahalar duniya: tambayoyin da Kiristocin Zariya suke yi

Ana jin waɗannan tambayoyi a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na ɗalibai a Samaru da Kongo, a taron zumuntar mata a Wusasa, a barandar asibiti a Shika, wani lokaci kuma a gidan makoki bayan 'yan gaisuwa sun watse. Inda Kiristoci suka rabu gida biyu, an kawo bakin kowa. Inda mai amsawa yake da nasa ra'ayi, bai ɓoye ba.

Malam, a kan me ake gardamar nan tun asali?

A kan magana uku da kowane Kirista yake riƙe da su lokaci guda: Allah yana da iko dukka, Allah nagari ne, ga shi kuma duniya cike take da zunubi da wahala. Mai gardama ya ce ukun ba sa zama inuwa ɗaya. In Allah yana so ya kawar da mugunta ya kasa, ina ikon? In zai iya amma ba ya so, ina nagartar? Marubucin Kirista Laktantiyus, a ƙarni na 4, ya danganta wannan tambaya ga Epikuras, masanin falsafa na ƙasar Girka. A 1955 wani masani, J. L. Mackie, ya sake ɗaure ta tamau, ya ce mai bi ba shi da mafita sai ya saki ɗaya daga cikin ukun.

Amma kafin su duka, bayin Allah ne suka fara yin ta. Habakuk ya buɗe littafinsa da tambayar Ubangiji har yaushe zai yi ta kuka ba a ji ba. Asaf, a Zabura 73, ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame don ganin mugaye suna ƙiba. Saboda haka matashin da ya ɗaga hannu a Makarantar Lahadi ya yi wannan tambaya, kada a kalle shi kamar wanda ya fara ridda.

Akwai abin da Allah ba zai iya yi ba?

Akwai, Littafin ma da kansa ya faɗa. Ibraniyawa 6:18 ta ce ba shi yiwuwa Allah ya yi ƙarya. 2 Timoti 2:13 ta ce ba zai iya musun kansa ba. Yakubu 1:13 ta ce mugunta ba ta jarabtarsa. Ba ragin iko ba ne wannan, domin mai ƙarya tsoro ko buƙata ke sa shi, Allah kuwa ba shi da ko ɗaya.

'Yan aji ɗaya a jami'a suna son tambayar dutse: Allah zai iya halittar dutsen da shi kansa ba zai iya ɗagawa ba? Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya riga ya amsa irinta. Ikon Allah ya game duk abin da zai yiwu ya kasance, amma magana mai cin karo da kanta ba wani abu ba ce da za a ce an iya ko an kasa. Muhimmancin wannan zai fito a gaba: in “mutum mai 'yanci wanda aka tilasta wa zaɓar alheri” magana ce mai cin karo da kanta, to rashin halittarsa ba gazawa ba ce.

In Allah ya halicci komai, ke nan shi ya halicci zunubi?

A nan kusan duk ɗarikoki bakinsu ɗaya: a'a. Amsar da ta fi daɗewa ta fito ne daga Afirka. Agustin, bishop na Hippo, garin da yake Annaba ta ƙasar Aljeriya a yau, ya yi shekara wajen 9 cikin ƙungiyar Manikiyawa, masu cewa akwai iko biyu na har abada, haske da duhu, suna kokawa. Da ya bar su ya zama Kirista, sai ya koyar cewa mugunta ba halitta ba ce mai zaman kanta, lalacewar abu mai kyau ce. Kamar yagewa a jikin riga take: masaƙi bai saƙa yagewar ba, kuma ba a samun yagewa sai a jikin wani ƙyalle. Zunubi shi ne nufin halitta, wanda aka yi shi da kyau, ya juya wa Mahaliccinsa baya.

Wani zai buɗe Ishaya 45:7, inda Ubangiji ya ce shi ne mai yin haske da duhu, mai kawo salama da masifa. A karanta surar duka. Maganar Sarki Sairus ake yi da faɗuwar mulkoki, wato bala'in da Allah yake hukunta al'ummai da shi. Ba a ce shi ke dasa cin amana a zuciyar mutum ba.

To me ya sa bai halicce mu yadda ba za mu taɓa yin zunubi ba?

Amsar da aka fi ji a mumbari ita ce 'yancin zaɓi: ƙaunar da aka tilasta ba ƙauna ba ce, kuma ƙofar da mutum zai bi ya ƙaunaci Allah ita ce dai zai iya bi ya ƙi shi. A 1974 Alvin Plantinga, masanin falsafa Kirista a Amurka, ya tsara wannan hujja don amsa wa Mackie, kuma masana da yawa, har da marasa addini, sun yarda ya nuna cewa magana ukun nan ba dole su ci karo ba.

Sai dai kada a ɗora wa hujjar kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Wata ɗaliba za ta ce: a sama fa? Muna cewa can ba zunubi, kuma ba mu ce waɗanda ke can sun rasa 'yanci ba. Me ya hana a fara da haka? Masu bin sawun Ireniyus, bishop na ƙarni na 2, suna cewa an halicci mutum ne bai gama nuna ba, halin da ba ya faɗuwa kuwa sai an bi ta gwaji ake kai wa gare shi. Da gaskiya a ciki, Romawa 5:3-4 ma ta ce wahala tana haifar da jimiri. Amma duk wanda ya zauna da marasa lafiya ya san wahala ba kullum take gyara mutum ba. Wani tana nuna shi, wani tana karya shi. Jaririn da ya mutu yana wata uku kuma, wane hali ya koya? A ganina 'yancin zaɓi yana bayyana mai satar mutane da mai cin kuɗin magani, ba ya bayyana sauro.

Me ya sa fastoci biyu suke ba da amsa iri biyu, alhali Littafi ɗaya suke riƙe?

Domin gardamar ta girmi duk majami'un da ke Zariya. Agustin ya yi ta da Pelajiyus, wanda ya ce mutum yana iya kiyaye dokar Allah da ƙoƙarinsa, har majalisar Kartaj ta ƙi koyarwar Pelajiyus a 418. Martin Luta, jagoran gyaran ikilisiya, da Irasmus, masanin Katolika, suka sake ta a 1524 da 1525. Mabiyan malaman Furotesta biyu, Kalbin da Arminiyus, suka kai ta gaban majalisar Dort a ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619.

Ɓangaren Kalbin suna cewa ba abin da yake faruwa a bayan shirin Allah, ko faɗuwar gwara. Shahadar bangaskiya ta Westminster, ta 1646, ta ce Allah ya ƙaddara duk abin da yake faruwa, ta kuma ƙara nan take cewa ba shi ne mawallafin zunubi ba, ba a kuma tilasta wa nufin halitta. Ɓangaren Arminiyus suna cewa Allah ya san komai tun fil azal, yana kuma mulki, amma akwai abin da yake nufi, akwai abin da yake ƙyalewa kawai, kuma mutum yana iya ƙin alherinsa. Katikisim na Katolika, na 1992, ya ce Allah ba shi ne sanadin zunubi ba ta kowace hanya, yana barinsa ne don yana girmama 'yancin halittarsa, ya kuma san yadda zai fitar da alheri daga cikinsa.

Kowane ɓangare yana da aya, kowane kuma yana da inda takalmi ke matsa masa. A tambayi ɗan Kalbin: in Allah ya ƙaddara kisan, da wane adalci zai hukunta mai kisan? A tambayi ɗan Arminiyus: in Allah ya gani, yana da ikon hanawa, ya ƙyale, ina bambancin ga matar da aka kashe wa miji? Littafin kansa yakan ajiye maganar biyu kusa da juna ba tare da ya ɗinke su ba. Yusufu ya ce wa 'yan'uwansa sun nufe shi da sharri, Allah kuwa ya nufi abin da alheri, a Farawa 50:20. Bitrus, a ranar Fentikos, ya ce an ba da Yesu bisa ga shirin Allah, a cikin numfashi guda kuma ya ce wa jama'a ku kuka kashe shi.

Abin dariya shi ne yawancinmu ba mu san sunayen nan ba, amma muna rayuwa da duka biyun. Dattijon da ya ce “nufin Allah ne” a jana'iza ranar Asabar, shi ne zai ce “zaɓi na hannunka” a wa'azin bishara ranar Lahadi.

Wannan ba ita ce ƙaddarar da maƙwabtanmu Musulmi suke faɗa ba?

Akwai kusanci, harshen ma ɗaya muke sha. Mu duka muna cewa “in Allah ya yarda”, Yakubu 4:15 kuma ta umarci Kirista ya faɗi haka. Malaman Musulunci su ma sun yi tasu doguwar muhawara a kan ƙaddara da aikin bawa, tsakanin Mu'utazilawa da Ash'arawa, kuma a gari mai zaurukan karatu kamar Zazzau ba a rasa wanda zai yi maka bayaninta. Inda amsar Kirista ta ɗauki tata hanya shi ne gicciye, za a zo kansa.

Ciwo ko bala'i alama ce ta cewa mutum ya yi zunubi?

Wannan ce tambayar da amsarta mara kyau ta fi yin ɓarna a cikinmu, don haka bari a daɗe a kanta.

Wani lokaci akwai dangantaka a fili. Mashayin da hantarsa ta lalace ba ya buƙatar annabi. Bulus ma ya gaya wa Korantiyawa cewa wasunsu suna ciwo saboda yadda suke wulaƙanta Jibin Ubangiji. Amma juya maganar, a ce duk mai wahala mai laifi ne, wannan Yesu ya ƙi shi sau biyu da bakinsa. A Yahaya 9 almajirai suka ga wanda aka haifa makaho, suka tambaya ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa. Ya ce ba shi ba, ba su ba. A Luka 13 ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya tambaya ko sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, ya amsa da kansa: a'a. Abokan Ayuba uku sun yi ta nace masa cewa lalle akwai abin da ya ɓoye. A ƙarshen littafin, su Allah ya yi fushi da su, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba.

Tarihinmu na nan gida ma ya isa shaida. Zuriyar Isawa, wato masu ɗaukaka Annabi Isa, mabiyan Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19, sun sadu da Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS na cocin Anglikan a 1913, aka kafa musu ƙauyen Kirista a Gimi. Mutane ne da suka bar gidajensu saboda bangaskiya. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci ya afka wa ƙauyen, ya kashe mutane da dama, sauran suka watse. Wa zai tsaya a cocin St. Bartholomew na Wusasa, wanda aka gina da ƙasa a 1929, ya ce zunubin mutanen Gimi ne ya kira ƙudan tsando? Ranar 17 ga Yuni, 2012, bam ya tashi a majami'ar Christ the King ta Sabon Gari da ta ECWA a Wusasa, kan mutanen da suka je sujada.

Kuma wuƙar tana yanka ta gefe biyu. Ranar 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na masallacin fadar Zazzau ya rufta kan masu sallar la'asar, aka rasa rayuka. Kiristan da zai ji haushi in an ce bam na 2012 hukunci ne, ba shi da bakin cewa komai a kan wannan sai ta'aziyya. Luka 13 kamar don irin ranar aka rubuta ta.

Ɗana yana da sikila. An ce mini la'anar kakanni ce. Gaskiya ne?

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Ubangiji ya ba shi sauƙi. Sikila gadon jini ce. In uba da uwa duk AS ne, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS, ko iyayen fastoci ne ko ba su taɓa shiga coci ba. Dalilin yawanta a ƙasarmu ma sananne ne: mai AS yana da wata kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa irin jinin ya yaɗu a inda sauro ya yi yawa. Masu zancen la'ana suna jingina da Fitowa 20:5, mai zancen hukunta 'ya'ya saboda laifin iyaye, amma Ezekiyel 18:20 ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba, Galatiyawa 3:13 kuma ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'ana. Ki ci gaba da addu'a, ki ci gaba da kai shi asibiti. Majami'un da suke neman gwajin jini kafin ɗaurin aure ba rashin bangaskiya suka nuna ba.

Babbar tambayar da ke bayan taki ita ce wahalar da ba hannun mutum a ciki. Ta girgiza Turai a 1755, da girgizar ƙasa ta rushe Lisbon ranar 1 ga Nuwamba, ranar idin dukan tsarkaka, mutane suna cikin majami'u. Koyarwar da aka gada tana komawa Romawa 8:20-22, inda Bulus ya ce halitta duka tana nishi kamar mai naƙuda, tana jiran 'yanci. Wato duniya ba a yadda za ta ƙare take ba. Wasu masana suna ƙarawa da cewa duniyar da za a iya noma da gini a cikinta dole ta bi ƙa'ida tsayayya, ruwan da ke cika madatsar Shika shi ne kuma yake cin gidan ƙasa a watan Agusta. Bayani ne mai ma'ana a aji. Ban taɓa ganin ya share wa uwa hawaye ba.

A lura kuma, yawancin abin da muke kira “daga Allah” akwai sa hannunmu. Kwalara tana bin ruwan sha mara tsabta, ambaliya tana bin magudanar da aka toshe da shara.

Ana cewa mai cikakkiyar bangaskiya ba ya ciwo, ba ya talauci. Haka ne?

Da haka ne, da Bulus ya faɗi jarrabawar. Sau uku ya roƙi a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alherina ya ishe ka. Ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas da rashin lafiya a Militas. Istifanas da duwatsu aka kashe shi. Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya riƙe sakatarcin ECWA kuma ya zama murya babba ta masu bishara a Afirka, ruwa ya ci shi a gaɓar Mombasa a 1975 yana ɗan shekara 39.

Allah yana warkarwa, Yakubu 5 ta ce a kira dattawan ikilisiya su yi addu'a. Matsalar koyarwar ita ce ranar da warakar ba ta zo ba, sai mara lafiya ya koma gida da kaya biyu, ciwonsa da zargin kansa. In an haɗa da “shuka iri”, wato ba da kuɗi don a sami waraka, ya koma da aljihu wayam.

Ina Shaiɗan a cikin lissafin?

Yana nan, amma ba kishiyar Allah ba ne mai iko daidai da shi. Halitta ne. A littafin Ayuba sai da ya nemi izini, aka kuma ja masa iyaka. Wanda ya ɗora masa komai don ya wanke Allah ya koma gidan Manikiyawa bai sani ba, kuma tambayar tana nan daram: wa ya ba da izinin?

Laifi ne in yi wa Allah ƙorafi?

Zabura 88 ta fara da kuka, ta ƙare da duhu, ba ko aya ɗaya ta yabo a ƙarshe, kuma an bar ta cikin littafin waƙoƙin sujada. Akwai littafi guda mai suna Makoki. Bambancin da Littafin ya yi shi ne tsakanin mai kai ƙararsa gaban Allah da mai gunaguni a bayan idonsa. Mu da aka tarbiyyantar da “sai haƙuri” mukan ɗauka haƙuri shi ne haɗiye kuka. Ayuba da ake misali da haƙurinsa ya la'anci ranar da aka haife shi.

To wace amsa ce ta Kirista, in duk hujjojin nan suna da giɓi?

Da Allah ya amsa wa Ayuba daga cikin guguwa, bai gaya masa dalili ba. Ya nuna masa faɗin halitta da ƙanƙantar saninsa. Sabon Alkawari ya ƙara abu biyu. Na farko, Allah bai tsaya daga nesa ba. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru, ya kuma yi kira a kan gicciye da kalmomin Zabura 22, yana tambayar Allah don me ya yashe shi. Malaman dā sun yi taka-tsantsan, suka ce Almasihu ya sha wahala ne cikin mutuntakarsa, allahntaka kuwa ba ta sākewa. Bayan yaƙin duniya na biyu wasu masana a Jamus, irin su Jürgen Moltmann, suka ce Uba ma ya ɗanɗani baƙin cikin ba da Ɗansa. Har yau ba a rufe wannan babi ba.

Na biyu shi ne tashin matattu da shari'ar ƙarshe. Bulus ya ce in begenmu ga Almasihu na wannan rai ne kaɗai, mun fi kowa zama abin tausayi. Ba tare da wannan ba, mutanen Gimi sun yi asara ke nan, wanda ya dasa bam kuma ya tsira ba hukunci. Mara bi zai ce alkawari ne kawai, kuma gaskiyarsa, komai ya rataya ne a kan ko kabarin nan ya zama wofi.

Baba ya rasu a maƙwabta. Me zan ce in na je gaisuwa?

Kaɗan. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kuma nan ne kawai suka yi daidai. “Sannu da rashi, Ubangiji ya ta'azantar da ku” ta isa. Romawa 8:28, mai cewa komai yana aiki tare don alherin masu ƙaunar Allah, gaskiya ce, amma a bar mai makoki ya kai kanta da ƙafarsa. Kada ka ce Allah ya fi ku buƙatarsa, kada ka tambayi ko an yi addu'a sosai, kada kuma ka fara lissafin wanda ake zargi da hannu.

In Mama ta tambaye ka don me, ka ce mata kai ma tambayar tana cinka, ka zauna. Sai ka koma bayan mako biyu ko uku, lokacin da aka kwashe kujeru da rumfa. Ka tambayi kuɗin makarantar yara na zangon gaba, ka ji ko dangin miji sun fara zancen gida da gona, in kuwa sun fara, ka sanar da dattawan ikilisiya tun maganar ba ta kai kotu ba.